Tumbin da Na Tara Don Hoto

Assalamu alaikum. Alhaji ne da kansa, mai shaguna a Bi'ir Ali ta Madina, wanda kuka saba ganin hotonsa tumbi a gaba, agogo na walƙiya. Wata huɗu ba ku ji ɗuriyata ba. Ba Dubai na tafi ba, jinya na yi.

Da ƙishirwa abin ya fara. In sha ruwa, in zaga bayi, in dawo kujera. Rayuwata ke nan: kujerar shago, katifa, waya a hannu, shinkafa da kaza, lemon kwalba. Da gangan nake kiwon tumbin, don duk hoton da na tura gida sai Inna ta ce, "Masha Allah, Madina ta karɓe ka."

Sai takalmi ya ji mini ciwo a babban yatsa. Sati uku bai warke ba, har ya fara wari.

A mustashfa, wato asibiti, aka ɗebi jinina. Likitan, wani ɗan Sudan, ya dubi takarda ya dube ni. "Ya walad, sukari ne. In ciwon nan ya kai ƙashi, sai mun cire yatsan."

Ranar ban tsokani kowa ba.

Inshora ta ɗauki gado da allura, takalmin masu ciwo kuwa daga aljihuna.

A gadon kusa da ni akwai wani ɗalibi ɗan ƙasar Sin, sa'ana. Tumbinmu ɗaya, ciwonmu ɗaya, wasan da muke bugawa a waya ma ɗaya. Shi ban yi masa hassada ba.

Kakansa ne ya tsone mini ido. Aikin Umara ya zo yi, ya tsaya jinyar jika. Ya haura saba'in, siriri kamar sanda. Hawa na huɗu muke, bai taɓa shiga lif ba. Ana wanke mini ciwo ina cije baki, shi yana bakin taga yana juya hannuwa, tsaye a kan ƙafa ɗaya. Ƙafa ɗaya, jama'a! Ni biyun ma sun gagare ni. Ya ci dabinon Khaibar a gabana son ransa, ni an ce ko in sansana sai da izini.

Na ce wa jikan, "Gaya wa shaiban nan ya daina yi mana gori."

Ya fassara masa. Tsohon ya yi dariya. Ranar da likita ya yarda in taka ƙafa, sai tsohon ya ƙwace wayoyinmu duka biyu ya jefa aljihu. "Yalla, imshi!" Wai mu tashi mu taka.

Wallahi don haushi na bi shi, ba don lafiya ba. Burina in riga shi ƙarshen baranda ko sau ɗaya. Har ya koma ƙasarsu ban riga shi ba.

Amma yatsa ya tsira, alhamdulillah. Allah ya saka wa likita da nas-nas, har da tsohon, duk da ban huce ba.

In ƙishirwa ta yi maka yawa, ko ciwo ya ƙi warkewa, ka je a gwada jininka. Ka tashi daga kujerar nan.

Jiya na tura wa Inna sabon hoto. Ta kira da kuka: "Sabi'u, mai gidanka ya daina ba ka abinci ne?"

To, ta tona ni. Babu wani Alhaji. Sabi'u ne, mai jera silifa a shagon mutane. Agogon aro ne. Tumbin kaɗai ne nawa, shi ma ya tafi.