Ranar da Yaya Ya Sake Rasuwa

A gidanmu ba mu cika haɗuwa a kan magana ɗaya ba. Ko rabon naman layya ne sai wani ya yi tsaki. Amma a shekarun Inna na ƙarshe bakinmu ya zo ɗaya a kan abu guda, manya da yara har da maƙwabta: kada kowa ya tuna mata cewa Yaya ya rasu.

Yaya shi ne ɗanta na fari, ni ne na uku. Fataucin riɗi yake yi, ya saya a kasuwar Sara ya kai inda ya fi daraja, kuma a irin wannan tafiya ce motar da ya hau ta kife da su. Lokacin Inna da hankalinta garau. Ina kallonta a kan tabarma, carbi a hannu, ana ce mata ya haƙuri tana cewa da godiya, ban ga hawaye ko ɗaya ya sauko mata ba. Ba wanda ya yi mamaki. Ɗan fari ne, ita kuma irin matan zamanin da ce masu kara, ga jinin Fulani ta wajen uwa. Tun da na yi wayo ban taɓa jin ta kama sunansa ba. Sai dai ta ce yayanku, in kuwa ya ɓata mata rai ta ce wancan.

Bayan wasu shekaru tsufa ya fara taɓa mata kai. Ta ci tuwo ta ce ba a ba ta ba, ta kira jikokinta da sunan mutanen da suka daɗe a ƙasa. Wata safiya ta tambayi ƙanwata, wadda ke jinyarta, ko yayanku ya dawo daga fatauci. Ƙanwata ta ce bai dawo ba tukuna. Inna ta ce Allah Ya dawo da shi lafiya, ta kuma cinye abincinta tas, abin da ta kwana biyu ba ta yi ba. Daga nan muka ɗora. Baffa, ƙanin mahaifinmu, ya so ya yi gardama, ya ce ƙarya ƙarya ce. Da ya ga yadda take barcinta lafiya shi ma ya bi mu. A wurin Inna dai Yaya yana kan hanya, kuma mun ƙudurta haka za ta bar duniya.

Ni a Birnin Kudu nake, ina koyarwa a sakandare, kuma ina da ciwon rubutu. Tun kafin rasuwar Yaya na buɗe shafi a wani dandalin rubuce-rubuce na kyauta a intanet, ina zuba labarin yankinmu. An yi ruwa a Dingaya, tsutsa ta shiga masara a Kwandiko, gero ya tashi, wane ya aurar da 'ya. Mutanenmu da ke Legas da Fatakwal da Saudiyya su ne masu karantawa. Na san abin da ke kawo su, ba iya rubutuna ba ne, sanarwar mutuwa ce. Ita kuwa hanya ɗaya nake rubuta ta, yadda ake faɗa a masallaci: Allah Ya yi wa wane rasuwa yau da safe, za a yi jana'iza bayan azahar a ƙofar gidansa. Ban taɓa sa kwanan wata a ciki ba, don dandalin da kansa yake liƙa shi a sama. Ta Yaya ma haka na rubuta, a tsaye a ƙofar asibiti, na haɗa da hotonsa.

Abin da ya raba ni da dandalin talla ce. Masu shi suka fara cusa tallace-tallace a tsakiyar rubutu ba tare da sun tambayi kowa ba. Ka buɗe sanarwar rasuwar dattijo mahaddaci, a ƙarƙashinta ga tallar caca, ga maganin ƙiba da hoton wata ba ko mayafi. Wani dattijon garinmu ya bugo min daga Legas, ya ce, "Malam, ashe abin naka har ya kai can?" Raina ya ɓaci matuƙa. A hutun makaranta na yanke shawarar yin shafi na kaina, mai adireshina, inda ba mai liƙa min abin da ban so ba.

A baki aikin ba wuya. Ka sauke duk rubutunka a dunƙule cikin fayil ɗaya, ka loda shi a sabon wuri, shi ke nan. Na sauke, na loda, wuta ta ɗauke, na sake. Da ƙyar ya shiga, da na duba kuma sai na ga ya lalata min haruffa, duk inda mai lanƙwasa yake ya koma ɗan akwati ko alamar tambaya. Na gwada har na gaji. Ni kuma ba na son abu ya raina ni. Na ce to, ba sai an goya ni ba, zan kwashe kayana da hannuna. Na zauna ina kwafo rubutun ɗaya bayan ɗaya, ina liƙawa a sabon shafin ina ajiyewa ba tare da na sake shi ba, kamar mai jera buhuna a rumbu. Kwanaki na yi a kan wannan, har wuyana ya ƙage. Na kuma haɗa shafin da zaurukan hira na waya na mutanen yankinmu, yadda duk abin da na saki zai tafi musu kai tsaye. Wannan dabarar har alfahari na yi da ita.

Da na gama, wata rana da hantsi, na zaɓe su gaba ɗaya na danna saki. Na rufe kwamfuta, na bar waya a caji, na fita cin abinci ina jin kaina kamar wanda ya gama ginin gida. Ban kawo a raina cewa sabon shafin bai san tsohon rubutu ba. A wurinsa duk abin da na liƙa sabo ne, don haka kowanne ya buga masa kwanan watan ranar, ya tura. Mutuwar shekara da shekaru ta fita a wuni ɗaya, kowacce tana cewa yau da safe.

Na dawo na tarar da waya ta yi zafi da kira. Waɗanda suka san zancen wasu dariya suke, wasu zagi. Wani abokin wasana ya ce, "Kai Malam, ko annoba ai tana ɗaga ƙafa, ka kwashe mana rabin gari kafin azahar." Ban yi dariya ba. Na zauna na bi su ɗaya ɗaya ina mayar da kwanan wata, na rubuta ban haƙuri na tura ko'ina. Ban haƙurin bai je ko nan da can ba. Mutane labarin mutuwa suke turawa gaba, ba mai tura gyara. Lokacin da Yaya ya rasu masu babbar waya a yankinmu ƙalilan ne, yanzu kuwa har mai tallar goro da tasa. Kafin la'asar hotonsa ya zagaya kasuwannin da yake zuwa, ya isa hannun mutanen da ba su taɓa jin labarin ba, sun dai ga ya daina zuwa.

Na san mutanenmu. Ba a bugo waya a nemi izinin zuwa gaisuwar mutuwa. Ka ji, ka sa takalmi.

Washegari da sassafe na kama hanyar Gwaram, na wuce zuwa ƙauyenmu da ke gaba da Kwandiko. Na tarar da Baffa a dakalin ƙofar gida. Na fara yi masa bayanin fayil da kwanan wata, ya dube ni kawai ya matsa min wuri. Da zagina ya yi da ya fi min sauƙi. Na leƙa ciki na ce wa ƙanwata ta bar Inna a ɗaki yau, na dawo na zauna gadi.

Sun kuwa zo. 'Yan riɗi daga wajen Bauci, wani direba, wani dillali mai furfura da ya ce tare suke kwana da Yaya a tasha. Kowanne na tare shi tun kafin ya gama sallama, na ce rasuwar ta daɗe, kuskuren na'ura ne. Sai kunya ta kama su kamar su suka yi laifin, su ɗaga hannu a yi wa mamaci addu'a a hankali, su sha ruwa su juya. Zuwa azahar na fara jin sanyi a raina. Duk lissafina a kan maza yake, tunda hulɗar Yaya da maza ce.

Bayan mun idar da salla ɗan acaɓa ya sauke wata tsohuwa, siririya, da ƙullin kaya a ka. Ta ce sannunku da hutawa, muka amsa. Ni da kaina na janye ƙafata na ba ta hanya. Mace ba ta tsayawa a ƙofar gida ta faɗi abin da ya kawo ta, sallama take ta shige, haka na taso na gani, kuma ko a lokacin ban ga komai a ciki ba. Na ɗauka cikin masu kawo wa ƙanwata kuka da daddawa ce.

Daga baya na san ko wace ce. Ƙawar Inna ce ta ƙuruciya, tare suka yi tallar nono a Dingaya. Aure ya kai ta wajen Taraba da shanun mijinta, kuma in fatauci ya kai Yaya can a gidan 'ya'yanta yake sauka. Jikanta ne ya nuna mata hoton a waya, ta kwana a hanya.

Ƙanwata tana bayan gida tana wanki. Abin da ya tashe ni daga dakali dariyar Inna ce, wata irin dariya da na manta tana da ita. Na shiga da sauri na tsaya a bakin ɗaki. Inna da ba ta gane jikokinta ta gane wannan matar, ta riƙe mata hannu biyu tana kiranta da sunan wasa.

Matar ta zauna, ta gyara mayafi, ta sauke murya. "Ya haƙuri, 'yar'uwa? Ya muka ji da wannan rashi?"

"Wane rashi?" in ji Inna.

"Babban naki mana. Yaron kirki, bai taɓa zuwar min hannu sake ba. Allah Ya jiƙansa, Ya sa ya huta."

Na ce, "Baba, ki zo mana tukuna," amma maganar ta riga ta fita. Matar ta dube ni, ta dubi Inna, na ga lokacin da ta fahimta, ta sa hannu ta toshe bakinta. Inna ta juyo gare ni. Idonta a ranar ba na mai ruɗewa ba ne.

"Kai, gaskiya take faɗa?"

Da wani baƙo ne ya faɗa, da na ce ruɗewa ya yi, da ta yarda da ni. Wannan kuwa mutuniyarta ce tun ba a haife mu ba. Na ce, "Gaskiya ne, Inna."

Sai ta kira sunansa. Sunansa na yanka, da ƙarfi, har Baffa ya jiyo daga waje. Tsufan da ya ɗauke mata tunani ya ɗauke har da karar, ba abin da ya rage da zai riƙe ta. Ta yi ta kiransa tana dukan cinyarta, tana kukan da ba ta yi ba a wancan karon. Ban taɓa jin tsoro irin na wannan rana ba.

Muka ce wa juna zuwa magariba za ta manta, ai komai mantawa take. Ba ta manta ba. Ta manta ƙawarta ta zo, ta manta ta yi salla, wannan kuwa ya zauna daram. Washegari ta sa aka shimfiɗa mata tabarma a tsakar gida, ta ce a jiƙa gero don gumbar sadaka. Matan maƙwabta suka shigo suka zauna, ya za su yi, suna ce mata ya haƙuri da kai a sunkuye. Na durƙusa na ce mata abin ya daɗe, Inna, shekaru ne, a nan wurin kika karɓi gaisuwa. Ta ce, "Ɗana ya mutu da shekaru ni ban sani ba? Kada ka mayar da ni mahaukaciya." Ban sake gwadawa ba.

Da mutane suka ragu ta yafito ni, na matsa kusa.

"Wa ya wanke shi?"

"Ni ne da Baffa."

"Da hannunka?"

"Da hannuna, Inna."

Ta daɗe tana duban fuskata. Ni kukana na yi shi tun tuni, na yi a asibiti, na yi a maƙabarta, na yi watanni ina yi a ɗakina a Birnin Kudu. A wannan ranar na nemi hawaye ko ɗigo, don ita, babu.

Ta ce, "Ɗan'uwanka ciki ɗaya, jiya jiya, ka zauna min nan ido a bushe. Tashi ka ba ni wuri."

Inna ba ta kai damina ta gaba ba. A watannin da suka rage mata sunana ya ɓace mata ƙaf, ba ta san ni ne na uku ba, ba ta san aikin da nake ba. Amma duk ranar da na zo daga Birnin Kudu na yi sallama a bakin ɗakinta, sai ta juya fuska bango, ta ce wa ƙanwata, "Ga wanda bai yi wa ɗan'uwansa kuka ba nan. Ce masa na yi barci."