Littafin da Garba Bai Ƙarasa Ba

Bana shekara bakwai ke nan da sanƙarau ya ɗauke yayana Garba, malamin makaranta a Gusau. Ya tafi ya bar littafin da yake rubutawa rabi, har yau kuwa ba wanda ya ƙarasa shi.

Garba bai yarda marubuci ya zauna cikin ɗaki ya ƙago labari ba. Duk hutu sai ya hau keke ya nufi Tsafe ko Bungudu, ya zauna gaban tsofaffi yana tambayarsu zamanin hare-hare, lokacin da mutane ke kwana kan duwatsu don tsoron masu kama bayi. Yakan tambayi wane ganye suka ci da hatsi ya ƙare, wane tsuntsu ke kuka in mahaya sun doso. Yakan ce mutum na iya mantawa, dutse da itace ba sa mantawa.

A wajen kakarmu, Inna, ya samo abin da ya fi ƙarfinsa. Ta ba shi labarin ranar da aka kawo musu hari tana goye da ɗanta na fari. Yaron ya yi ta kuka, mutanen da take ɓoye tare da su suka ce zai tona su. Ta kwantar da shi cikin kogon wata kuka a hanyar Tsafe, da niyyar ta dawo. Da ta dawo ba ta same shi ba.

Garba ya sa wannan a littafinsa, amma tausayi ya sa ya rubuta cewa wani makiyayi ya tsinci yaron ya raine shi. Sai ya karanta mata.

"Garba," in ji ta, "wanga ba ɗana ba ne. Nawa bai dawo ba."

Ya yage shafin. Bai kai ga rubuta wani ba cuta ta kwantar da shi.

Ina tambayar kaina me zai ce da ya ga yau. An sare kukar an yi gonar auduga a wurin. Inna ta bi shi bayan damina biyu, tsofaffin da ya zauna gabansu ƙasa ta rufe yawancinsu. Samari sai gardamar jam'iyya a tasha, in ka ambaci zaman dutse su ɗauka tatsuniya ce. In bango bai tsage ba ƙadangare ba ya samun wurin shiga, mantuwa kuwa tsaguwa ce babba.

Abu ɗaya ya tsira. Saboda kunyar ɗan fari, Inna ba ta taɓa furta sunan yaron ba. Garba ne ya raɗa masa Ummaru a labarin. Yau duk gidanmu, in ana addu'a ga mamata, da wannan sunan muke kiransa.