Tsagar Ƙahon da Ta Ƙi Tsayawa

A Tina Junction na hango shi, wani dattijo sanye da rigar sanyi, ya rungume falwaya. Da ya ɗan juya kai sai gwiwoyinsa su lanƙwashe. Hannayensa na birkila ne, duk kanta. Mutumin da ya saba hawa saman gini, yau tsallake titi ya gagare shi.

A bayan kunnensa akwai sabuwar tsagar ƙaho. Audugar da aka manna a wurin ta jiƙe sharkaf, jini yana bin wuyan rigarsa.

Wata mai gasa masara ta turo masa benci.

"Baba, jinin nan fa ba ya tsayawa."

"Mataccen jini ne, 'yata. Likita ya ce jini ba ya isa cikin kunnena sosai, shi ke kawo jirin. Ya ba ni maganin tsinka shi, na ce bari wanzami ya ƙarasa aikin."

"Ka gaya wa wanzamin kana shan maganin?"

Ta danne wurin da ɗankwalinta, tana ƙwala wa mai keke kira ya kai shi asibiti. Shi kuwa ƙoƙarin ture hannunta yake yi.

"Bar shi ya fita duka. Gobe zan hau gini."