Malam Nouhou Damagaram da Makarantar Korarru

Haihuwa da karatu

An haifi Malam Nouhou a birnin Damagaram a shekarar 1957. Mahaifinsa Abdourahamane maɗinkin riguna ne, mahaifiyarsa Ache kuma 'yar fataken Chadi. Ya yi karatun allo a gida, ya yi lakkwal, wato makarantar boko, a Damagaram da Yamai, sannan a 1978 ya tafi jami'a a Lyon ta ƙasar Faransa domin nazarin lissafi, inda ya zauna ɗaki ɗaya a unguwar La Guillotière da wani ɗan Chadi mai suna Hamid. Nouhou ne yake yi wa Hamid bitar darasi. Ya ci jarrabawar malanta a karon farko, Hamid kuwa sai a karo na uku, kuma wannan fifiko bai taɓa fita ran Nouhou ba.

Aiki da iyali

A 1985 aka ba shi aji a wata lise, wato babbar sakandare, mai daraja a tsakiyar Paris, wadda galibin ɗalibanta 'ya'yan likitoci da lauyoyi ne, kuma da wuya wani cikinsu ya faɗi bak, wato jarrabawar kammala lise. Ya auri Bintu a 1988, suka zauna a Sevran da ke wajen Paris, aka haifa musu Raliatou a 1991, daga baya Ilyes da Aya. Bisa al'adar gidansu ya yi kunyar 'yar fari: bai kiran sunan Raliatou, bai yabonta gaban mutane, "yarinyar nan" kawai yake cewa.

Makarantar Lyon

A 2004 aka ɗora Hamid a kan wata ƙaramar makarantar gwamnati a Lyon, wadda aka buɗe domin waɗanda suka bar karatu. Shekarun ɗalibanta daga goma sha bakwai zuwa ashirin da biyar. Akwai masu goyo, akwai masu aikin dako, akwai waɗanda rashin lafiya ya zaunar, mafi yawansu 'ya'yan baƙi daga Magrib, wato arewacin Afirka, da ƙasashenmu. Malam Nouhou ya laƙaba mata suna makarantar korarru. Shekara huɗu bayan haka kashi sittin da biyar cikin ɗari na ɗalibanta suka ci bak, kuma da yake masu auna makarantu suna gwada sakamako da abin da ake tsammani daga irin gidajen da yara suka fito, sai makarantar ta yi fice, hoton Hamid ya fito a jarida. A Paris, a unguwar La Goutte d'Or, bayan sallar Juma'a, an ji Malam Nouhou yana cewa: "Nawa kashi casa'in da takwas ne, ba wanda ya zo da kamara. Ashe faɗuwa ma sai an iya ta."

Al'amarin Raliatou

A wannan shekarar ta 2008 Raliatou ta daina zuwa lise. Da malamanta suka kira Malam Nouhou, ya yi zaman gaba ɗaya bai ambaci sunanta ba, suka ɗauka uba ne wanda bai damu da ɗiyarsa ba. Ita ma da ta tashi a Sevran ba ta san al'adar ba, kuma ba wanda ya yi mata bayani. Ta ce wa mahaifiyarta: "Inna, ko sunana ƙyamarsa yake."

Ta yi shekara biyu tana sayar da burodi, karatu yana neman kuɓuce mata har abada, kafin Bintu ta kira Hamid a waya ta miƙa masa riƙonta. Malam Nouhou bai hana ba, bai kuma raka ta tashar jirgi ba. Tun daga nan sunanta a bakinsa ya koma "ta Lyon".

A 2012 ta ci bak da yabo. A taron makarantar Hamid ya kira sunanta da ƙarfi gaban jama'a, ta tashi ta gode wa "Baba Hamid", mahaifinta yana zaune a sahun baya. A jirgin komawa Paris ya ce wa Bintu: "Ni na raɗa sunan, shi yake kiransa." Daga baya ya sami labarin cewa Hamid ne ya fahimtar da ita ma'anar kunyar fari, har ta dawo gida tana gaishe shi da ladabi. Wannan ya fi komai yi masa ciwo, domin ko sulhun ta hannun Hamid ya zo.

Shekarun ƙarshe

Raliatou ta karanci lissafi, a 2018 ta fara koyarwa a makarantar da ta ceto ta. Malam Nouhou ya bar aiki a 2020, amma duk watan Yuli sai ya nemi sakamakon makarantar Lyon, kuma iyalinsa sun san ba hawansa yake jira ba. A Yulin 2024, yana jinya, Ilyes ya gaya masa an kai kashi tamanin, kuma lissafi ne ya ɗaga su. Ya tambaya ko za a sake sa hoton Hamid. Aka ce Hamid ya yi ritaya, hoton Raliatou aka sa. Sai ya ce: "To, ku gaya masa lissafin nan a gidana aka gada."

Rasuwa

Allah ya yi masa rasuwa a Sevran cikin watan Agusta na 2024, yana da shekara sittin da bakwai, aka binne shi a sashen Musulmi na wata maƙabarta a wajen Paris, Hamid yana cikin waɗanda suka ɗauki makara. Ya bar matarsa Bintu da 'ya'ya uku: Ilyes, da Aya, da babbarsu Raliatou, wadda ba a taɓa jin sunanta a bakinsa ba tun ranar da ya raɗa shi. Allah ya jiƙansa.