Gautar Inna da Abin da Na Zuba Mata

Bana shekara goma sha ɗaya ke nan da muka kai Inna makwancinta a ƙauyenmu na gefen Wad Haddad, kuma har yau akwai laifin da ban amsa mata ba.

Mahaifiyata ba ta taɓa riƙe hawasha ba, wato gonar hayar da muke noma auduga a ciki. Gonarta tsofaffin gwangwanayen mai ne guda tara, jere a gindin katanga. A ciki take shuka wata 'yar gauta mai ɗacin tsiya, wadda kakarta ta ƙullo irinta a bakin zane tun daga ƙasar Sakkwato, a tafiyar hajjin da ta tsaya a nan bakin kogi. Duk ƙauyen ba mai irin sai ita.

Takinta da hannunta take haɗawa. Kashin tantabara, tokar karan dawa, tukar shayi da ruwan wankin kifi, ta zuba a wani tsohon tulu ta rufe har kwana ashirin, sannan ta riƙa tsarmawa da ruwa tana bai wa shukar. Wari kuwa, sai wanda ya ji! Nakan ce, "Inna, miyar wa aka ɗora?" Ta ce, "Ta ubanka ce, zo ka ɗanɗana."

Wata shekara ɓera ya ɓarnata mata irin, ta shuka ɗan abin da ya rage gaba ɗaya. Gautar na fure ƙanwata ta haihu a Rufa'a. Ranar da Inna za ta tafi can ta ba shukar takinta, ta bar mini ban ruwa. Ni kuwa lokacin kaina na rawa, ina ganin na fi kowa sanin noma. Na ɗebo simad, takin zamanin da muke watsa wa auduga, na zuba cikin tafi a kowane gwangwani, wai ta dawo ta ga abin mamaki. Na manta a hawasha ƙasa na da faɗi, ruwan tur'a, wato magudanar ban ruwa, na wanke shi, a gwangwani kuwa ba inda zai je. Kwana uku ganyen ya ƙone ƙurmus.

Da ta dawo ta durƙusa ta daɗe tana murza busasshen ganyen. Sai ta ce, "Wayyo, hannuna ya yi nauyi. Tsufa ya zo, na kashe gautar kakata." Ina tsaye a bayanta, ni magidanci mai 'ya'ya uku, na yi gum. Kunya ce ta hana ni ran nan, daga baya kuma tsoro. Ta kifar da tulun, ba ta sake haɗa taki ba. Matan da suka zo koyo takan ce, "Ku tahi, ni da na ƙone tawa, mi zan koya muku?" Shekara shida ta yi bayan nan, kullum ina cewa gobe.

Yau simad ya yi wuyar samu, ruwan tur'a sai an ga dama. Kusan kowane gida an yanka jarkoki an shuka kuɓewa da tumatir. Matata na haɗa irin takin Inna da ka, wani ya yi, wani ya ƙone, don ba wanda ya san ma'aunin. Da Inna na nan, na san sai ta yi mana dariya har da hawaye, sannan ta naɗe hannun riga ta bi gida gida. Ni na hana ƙauyen wannan.

Irin ya tafi, ma'aunin ya bi ta kabari. Abin da ya rage nata shi ne suna, shi ma da tabon da ba nata ba. To, matan ƙauyenmu, ku ji: Inna ba ta yi kuskure ba, ni na zuba. Allah Ya jiƙanta, Ya sa ta yafe mini abin da ta rasu ba ta san na yi ba.