Durƙuson Haladu Mai Faci

Haladu Mai Faci a tsugune ya yi rayuwarsa. Ɗan Tafashiya ne, amma tun yana saurayi ya kafa rumfa a bakin titin Kankia, kusa da inda motocin Kano ke sauke fasinja, yana faci da gyaran keke. Akwai benci a rumfar, amma na baƙi ne. Shi a tsugune yake liƙe taya, a tsugune yake cin ƙosai, a tsugune yake musun siyasa, har gyangyaɗi a tsugune yake yi, kuma ba a taɓa ganin ya kife ba.

Matarsa Adawiyya Bafulatana ce, ɗiyar Baffa Bube, wani makiyayi da ke zaune a gefen Boko ta ƙasar Kusada. Lokacin neman auren, dangin yarinyar sun yi ta gunaguni wai Bahaushe bai san kunya ba. Maganar nan ta tsaya wa Haladu a rai, ya rantse sai ya nuna musu kunyar da ko su ba su taɓa gani ba. Kowace Sallah in ya je gaida surukinsa, tun daga nesa yake tuɓe takalmi, ya zube ƙasa, ya kawar da kai, ya yi gaisuwa da muryar da sai an kasa kunne. In ya gama ya miƙe ya ja da baya. Shekara arba'in da ɗoriya bai taɓa tsayawa a tsaye gaban tsohon ba, bai taɓa haɗa ido da shi ba. Har kwatance ake yi da shi a Boko, shi kuma abin yana yi masa daɗi ba kaɗan ba.

To, sai gwiwa ta ce ta gaji. Wata safiya ya gama faci ya yunƙura zai tashi, ya ji kamar an soka masa basilla. Sai da mai keken ya kama shi ta hammata. Ɗansa Sadisu ya kai shi asibiti, likita ya duba ya ce sanyin ƙashi ne da shekaru, ya ba shi magani, ya ce ya nemi kujera, tsuguno kuma ya bar shi har abada.

"Har abada?" in ji Haladu. "Likita, kana da suruki kuwa?"

Daga nan ya shiga neman magani kamar wanda aka yi wa asiri. Kuma wallahi a Kankia ba ka cewa gwiwa ba a taru a kanka ba. Mai shayi ya ce man kaɗanya da tafarnuwa. Ya shafa, har kajin gidansa suka daina kusantarsa. Wanzami ya kafa masa ƙaho, ya nuna masa baƙin jini ya ce ga ciwon nan ya fita. Ciwon bai ji labari ba. Wani maharbi ya kawo kitsen damo a kwalba. Mai maganin tasha, wanda ke shela da lasifika, ya sayar masa da wani gari da ke maganin gwiwa da basir da shawara da mugun mafarki. Mafarkin kam ya daina. Abin da Haladu bai lura da shi ba, duk wanda ya ba shi magani, in ya juya zai tafi, da ɗingishi yake tafiya.

Wani direba ya ce man birki shi ne ƙarshen zance. Haladu ya yi tsaki.

"Birki ai shi ya yi mata yawa! Abin da ya cije, giris yake so."

Ya kuwa lakato giris ɗin keke ya dame gwiwoyin biyu, ya ɗaure da tsohuwar roba. Adawiyya ta yi kwanaki tana wanke wando tana Allah ya isa ga duk mai ba shi shawara.

Mafi muni shi ne na yashi. Aka ce ya binne ƙafafunsa har cinya a yashin rafi da tsakar rana, zafin zai tsotse sanyin. Ya sa aka binne shi, masu binnewar suka tafi cin abinci suka manta da shi. Mutanen da ke wucewa zuwa kasuwa suka ɗauka durƙusa musu ya yi, kowa na cewa, "Haba Baba, tashi, tashi, ai mu ya kamata mu gaishe ka." Wata tsohuwa ma sai ta durƙusa ita ma, suka yi ta gaisawa, ba wanda ya yarda ya riga tashi. Ta gaji ta tafi tana cewa ba ta taɓa ganin mai ladabi irin wannan ba.

Ana cikin haka Sallah ta zo, Haladu ya ce zazzaɓi ya hana shi zuwa gaida surukinsa. Babbar Sallah ta zo, ya ce hanya ta lalace. Tsoro ne fal cikinsa. Ya tsaya a tsaye gaban Baffa Bube, gara ya mutu. Ya durƙusa kuma ya kasa tashi, a zo a ɗaga shi kamar buhu gaban Fulani, wannan ya fi mutuwar ma. Abin da ya fi ƙona masa rai, tsohon ya haura casa'in, amma kullum in ka je za ka same shi zaune daram a kan buzunsa, ƙafa a naɗe kamar saurayi.

Wata rana Adawiyya ta dawo daga Boko fuska ba walwala.

"Malam, Baffa ya ce in tambaye ka ko wani laifi ya yi maka. Ya ce in ya yi, ka yafe mashi, don shi kwanansa ya ƙare."

Haladu bai iya cin tuwo ba ranar. Washegari ya haɗa duk abin da ya rage, kaɗanya da kitsen damo da kanwa da gishiri, ya shafe gwiwoyin, suka hau kabu-kabu shi da ita sai Boko.

Da hantsi suka isa. Tsohon na ƙarƙashin bishiya a kan buzu, shi kaɗai. Adawiyya ta shige cikin gida, sauran mutane ma kowa ya ɓace, don ba a tsayawa kallon gaisuwar surukai. Haladu ya tuɓe takalmi, ya yi bisimilla, ya saki jiki. Gwiwoyin suka yi ƙara kamar ana karya karan dawa, amma ya kai ƙasa.

"Baffa, mun same ku lahiya?"

"Lahiya lau," in ji tsohon, yana kallon wani gefe.

Aka gaisa tsaf. Haladu ya yunƙura. Ko motsi! Ya sake yunƙurawa, gumi ya keto masa. Da ya rasa abin yi sai ya sake ɗauko gaisuwar daga farko. Ya gida, ya iyali, ya ruwa, ya shanu. Da shanun suka ƙare a dunƙule ya koma bin su ɗaya bayan ɗaya: ya farar nan mai karyayyen ƙaho, ya ɗiyarta, ya wadda aka sayar shekarun baya, ko ana jin labarinta. Tsohon yana ta amsawa da lahiya lau, har da ta wadda aka yanka.

Inuwa ta matsa ta bar su a rana. Wani ɗan maraƙi ya shinshino kanwa, ya zo ya sa hanci a wandon Haladu ya kama lasa. Haladu ba damar ya kore shi da ƙarfi gaban suruki, sai dai ya riƙa cewa "kai, kai" a hankali. Can aka jiyo kiran azahar daga cikin gari. Ran Haladu ya yi sanyi: yanzu tsoho zai tashi alwala, shi kuma ya samu ya ja jiki ba mai gani.

Tsoho bai tashi ba. Aka tada salla aka idar, yana nan zaune. Sai can ya yi gyaran murya, yana kallon gindin bishiya.

"Wanga abu da maraƙin ke lasa, yana aiki?"

Haladu ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. "Ba ya yi, Baffa."

"Na sani. Na gwada shi. Na gwada na damo, na gwada harbin zuma, har wuta an sa mani. Ni rabona da in tashi da kaina tun kafin a yi wa Sadisu aure. Duk ranar da za ka zo, ɗauko ni ake a ajiye nan, a naɗe mani ƙafa, in ka tahi a zo a kwashe ni. Gaisuwar taka kuma ga tsawo. Kowace Sallah sai na yi kwanaki ina jinyarta."

Haladu ya ɗago kai ya dubi surukinsa, karo na farko. Wani ɗan tsoho ya gani, ƙanƙane, idanu jawur saboda azaba. Tausayi ya kama shi, da haushin kansa, hawaye suka zubo masa.

"Miƙe ƙafarka, ɗana," in ji tsohon. "Don Allah miƙe, in samu in miƙe tawa."

Haladu ya kife ta gefe kamar tulu, ya jawo ƙafafun da hannu ya miƙe su zaƙo-zaƙo gaban surukinsa. Sannan ya ja gindi ya matsa, ya kama ƙafafun tsohon ya warware su a hankali. Suka zauna kafaɗa da kafaɗa suna nishi.

"To, yanzu wa zai tada mu?" in ji Baffa Bube. "Ita ɗiyar fari ce, ban taɓa faɗin sunanta ba. Kai ka kira ta."

Haladu, wanda bai taɓa ɗaga murya a gidan nan ba, balle ya ambaci sunan matarsa gaban ubanta, ya cika ƙirji da iska.

"Adawiyya!"

Shiru. Tsohon ya dafa masa kafaɗa.

"Ƙara ƙarfi, ɗana. Ita ma kunnen ya fara tahiya."