Tambayar Inna a Kan Kurkunu

Na tashi a wani ƙauye tsakanin Tambuwal da Kebbe, tun Nasara ba su zo ba. Duk damina kurkunu yakan kwantar da rabin garin, daidai lokacin da gona ke neman hannu. Innata mace ce mai yawan tambaya. Ita ta lura cewa a garin iyayenta, inda ake shan rijiya, ba a cika ɗingishi ba, mu kuwa masu ɗiba a tabki ƙafafunmu sun ƙare.

Wata rana tana naɗe wa babana tsutsar a tsinke, sai ta ce, "Malam, ko dai cikin ruwan ga abin yake? Mi zai hana a gina rijiya a gani?"

Babana ya janye ƙafarsa. "Ke, bar wannan zance. Tabkin nan kakanninmu suka sha. Abin da Allah ya rubuta ba makawa."

Zancen ya fita, mata suka riƙa yi mata dariya wai ta zama bokanya. Daga nan ta kama bakinta. Ko tauraro ya faɗo, ba ta ƙara tambayata ina nake jin ya tafi ba.

Ta rasu ba a gina rijiyar ba. Yanzu na tsufa, ƙafata ɗaya ta shanye, jikokina biyu suna kwance da kurkunu bana. Na gwada maimaita maganarta a ƙofar masallaci, ba wanda ya ɗago kai.